Yadda Za Ka Tsara Ayyukan Sashen ICT na Jami'a, Ka Kuma San Inda Lokacin Ma'aikata Ke Tafiya

Da wuya ka samu sashen da ya kai na ICT, wato sashen kwamfuta da intanet, yawan iyayen gida a jami'a. Ofishin shugaban jami'a na son sabon shafin intanet kafin bikin yaye ɗalibai. Magatakarda na son sakamako ya riƙa fita a fotal, wato shafin ɗalibai na intanet, ba sai an bi ofis-ofis da fayil ba. Ma'aji na son kuɗin rajistar da ɗalibi ya biya ta Remita ya bayyana nan take a kan sunansa. Shugaban ɗakin karatu na jiran a ɗora kundayen digiri a intanet, shugabannin tsangayoyi kuma kowa na tambayar yaushe Wi-Fi zai iso ɗakunan lacca. Kowannensu gani yake nasa ne kaɗai a gabanku, alhali masu yin aikin duka ba su wuce mutum goma sha wani abu ba, kuma su ne dai ke tashi da gudu duk sanda intanet ya ɗauke.

Ƙarshenta a fara komai, a kasa gama komai, wanda ya fi ɗaga murya ko ya fi kusa da manya shi ake yi wa nasa. Abu uku ke warware wannan: jeri guda na duk ayyukan da ke hannu, lissafin gaskiya na awannin da sashen yake da su, da wuri guda da ake yanke wane aiki zai riga wane. Ga yadda ake kafa su, ko kai ne darakta ko shugaban wani ɓangare a ƙarƙashinsa.

Mataki na farko: raba hidimar yau da kullum da aiki mai ƙarshe

Sauya wa malami kalmar sirri, gyara firinta, sa ido a kan saba (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai da manhajoji), ɗaukar kwafin ajiya na bayanai, duk wannan hidima ce, ba ta da ranar ƙarewa. Shimfiɗa wayar fayiba zuwa sabuwar tsangaya, ko kafa Moodle don darussan intanet, shi ne aiki mai farko da ƙarshe. Na biyun ne kawai zai shiga jerin da za mu gina.

Ka ja layi a rubuce don kada a yi ta gardama. Misali: duk abin da zai ci mutum ɗaya fiye da mako biyu, ko ya shafi sashe fiye da ɗaya, ko yake buƙatar a ba da kwangila, ya zama aikin jeri. Abin da bai kai haka ba, hidima ce.

Mataki na biyu: tattara komai a jeri guda

Kada ka aika memo kana cewa kowa ya turo abin da yake yi. Rabin gaskiya za ka samu. Ka zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, minti ashirin ya isa, ka tambaye shi abin da ke hannunsa da wanda ya sa shi. A nan ne za ka gano ayyukan da ba su taɓa bi ta teburinka ba: shafin taron ƙara wa juna sani da wani farfesa ya roƙa bayan an idar da sallar azahar, manhajar raba ɗakunan kwanan ɗalibai da wani ya fara shekara biyu da suka wuce ya ajiye, da makamantansu. Ka nuna wa ma'aikacin ba tuhumarsa kake yi ba. In ya ji alamar tuhuma, zai ɓoye.

Takardar Excel ko Google Sheets ta wadatar a wannan matakin. Kowane aiki layi ɗaya, da waɗannan bayanai: sunan aikin, wanda ya nema, babban jami'in da zai tsaya masa a wajen sashenku, jagoransa a cikin sashen, inda kuɗinsa zai fito (asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne, ko kuɗin shigar jami'a, ko tallafin waje), ranar da ba ta ɗaguwa idan akwai, ƙiyasin awannin da suka rage, da abin da za a gani da ido in an kammala.

Wannan na ƙarshen ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. "Inganta fotal" ba bayani ba ne, don babu ranar da za a ce an gama ingantawa. Rubuta: "Ɗalibi zai iya buga takardar shaidar biyan kuɗi da kansa, ba tare da zuwa ofishin ma'aji ba." Wannan ana iya gwada shi a ce ya yi ko bai yi ba. Duk aikin da aka kasa rubuta masa irin wannan jimla, ko aka rasa babban jami'in da zai ce nasa ne, ka ware shi gefe da alamar tambaya.

Mataki na uku: lissafa awannin da kuke da su da gaske

A ɗauka misali sashe yana da ma'aikata 12, kowa na aikin awa 40 a mako, ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. A takarda awa 480 ke nan. Amma cire hutun shekara, ranakun hutun gwamnati, mitin, kwas, rashin lafiya, da yammacin Juma'a da kowa ya san yadda yake. In ka bar wa kowa awa 32, ka yi adalci. Saura 384. In hidimar yau da kullum na cin kashi biyu cikin uku, wato 256, abin da ya rage wa ayyukan jeri awa 128 ne a mako, aikin mutum huɗu kacal. A mako 44 na aiki, awa 5,632 a shekara. To in jerinku ya nuna ana bin ku awa 11,000, kun riga kun ci bashin kusan shekara biyu, tun kafin a kawo sabuwar buƙata ko ɗaya.

Kada ka tsaya a jimla. Sake raba lissafin bisa ƙwarewa, domin awar mai haɗa netwok ba ta maye gurbin awar mai rubuta manhaja. Sau da yawa za ka tarar ayyuka bakwai ko takwas duk suna jiran mutum ɗaya, wanda shi kaɗai ya san cikin rumbun bayanan ɗalibai. Shi ne ainihin ma'aunin saurin sashen. Masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban SIWES masu zuwa koyon aiki kuwa suna taimakawa ƙwarai, amma kada ka lissafa su a matsayin cikakkun ma'aikata: koya musu aiki na cin lokacin wani, kuma suna gogewa wa'adinsu ke cika.

Kashi biyu cikin ukun nan zato ne kawai. Mataki na gaba shi zai mayar da shi tabbas.

Mataki na huɗu: fara rubuta lokaci

A nan ake yin nasara ko a faɗi, kuma ba na'ura ke kayar da mutane ba, rashin yarda ne. Ma'aikaci na jin an ce ya rubuta awanninsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ana neman hujjar ba shi takardar tuhuma ko a danne masa ƙarin girma. Saboda haka kafin a rubuta ko minti ɗaya, ka tara kowa ka faɗa, ka kuma sa a rubuce da sa hannunka, cewa ba za a yi amfani da wannan lissafi wurin ladabtarwa ba, ba zai shiga fom ɗin tantance ma'aikata na shekara ba, kuma rahoton da zai fita daga sashen na ayyuka ne, babu sunan kowa a ciki. Ka sanar da wakilan ƙungiyoyin da ma'aikatanka ke ciki, SSANU ko NAAT ko NASU, tun kafin labarin ya isa gare su a karkace. Wannan bayanan mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi yadda ake tattara su da wanda ke iya gani. Sannan kai ne za ka fara cika naka, kowa na gani.

Rukunan su zama kaɗan. Shida ko bakwai sun isa: hidimar masu neman taimako, kula da saba da netwok, matsalar gaggawa, ayyukan jeri, kowanne da sunansa, mitin da aikin ofis, koyo da koyarwa, hutu. Ni ina ƙara guda ɗaya da littattafan ƙasashen waje ba sa kawowa: jira. Jiran wuta, jiran a tayar da janareta, jiran makullin ɗakin da rauta (na'urar rarraba intanet) take, jiran sa hannu. Ranar da ka nuna wa ma'aji awannin da jiran wuta ya cinye a zango guda, maganar inbata da sola za ta daina zama roƙo.

A riƙa rubutawa da rabin awa-rabin awa. Wanda ya ce a rubuta da minti biyar-biyar, ƙarya yake nema a yi masa. A cika kullum kafin tashi, aikin minti biyar ne. Wanda ya bari sai ranar Juma'a, ƙirƙira zai yi, ba don mugunta ba, don ba zai tuna Litinin ba. Ga yadda ranar mai kula da netwok za ta iya kasancewa:

Awa 1 da rabi, matsalar gaggawa: intanet ya ɗauke a ginin majalisar jami'a, kebul ne ɓera ya ci.
Awa 2, aikin jeri: Wi-Fi na tsangayar kimiyya, ɗaura na'urori a hawa na biyu.
Awa 1, jira: babu wuta a ɗakin saba na tsangayar.
Awa 1, mitin.
Awa 1 da rabi, hidima: ofisoshi uku.

Awa bakwai ke nan, kuma babu laifi. Kada ka tilasta sai lissafi ya cika takwas cif, don ranar da ka yi haka kowa zai koyi cike gurbi. Aikin dare da na Asabar da Lahadi kuma lallai a rubuta shi, musamman lokacin rajista da jarrabawa. Shi ne aikin da hukuma ba ta gani, kuma shi ke gajiyar da mutanen kirki har su nemi wani wurin.

Game da manhaja, ka yi wata biyu ko uku da takardar Excel tukuna, har rukunan su zauna. Bayan nan akwai na kyauta da za ku ɗora a sabarku. Kimai na rubuta lokaci ne zalla. Redmine, wadda ta fito tun 2006, tana haɗa ayyuka da awannin da aka kashe a kan kowanne, kuma ba ta da nauyi. OpenProject ta fi ta kyan gani da jadawalin ayyuka. GLPI ta fi dacewa da karɓar ƙorafe-ƙorafe da lissafin kayan aiki. Jira da Microsoft Project suna da kyau, sai dai lasisinsu da kuɗin waje ake biya, kuma kowa ya san yadda canji ke yi da kasafi. Ko wacce kuka zaɓa, ta zama guda ɗaya, kuma ta buɗe a waya, don mai hawa tsani ba ya yawo da laftof.

Bayan mako shida zuwa takwas, koma kan lissafin mataki na uku ka sa alƙaluman gaskiya a wurin zato.

Mataki na biyar: ɗora kalandar jami'a a kan jerin

Shekarar jami'a ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai lokacin tantance masu neman gurbi da aikin CAPS, tsarin ba da gurbin karatu na JAMB, rajistar sababbi da tsofaffin ɗalibai, jarrabawar kwamfuta ta manyan azuzuwa, kai sakamako gaban majalisar jami'a, tura sunayen masu tafiya hidimar ƙasa ga NYSC, ziyarar tantance kwasa-kwasai ta hukumar kula da jami'o'i NUC, da bikin yaye ɗalibai. A irin waɗannan makonni hidima na iya cinye lokacin sashen gaba ɗaya. Ka yi musu alama, ka ɗauka babu awar aikin jeri a cikinsu. Ka kuma kafa doka: daga mako biyu kafin rajista ko jarrabawa har a gama, ba a taɓa fotal, ba a sauya komai a saba, sai gyaran da ya zama dole.

Wa'adin aiki kuma ka ɗaure shi da abin da zai faru, ba da kwanan wata kaɗai ba. "Mako uku kafin rajistar zango na biyu" ya fi "15 ga Maris" amfani, saboda kalanda na motsi. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk jadawalin da aka gina a kan kwanan wata ya rushe. Haka duk aikin da ke buƙatar saye: Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi talla, karɓar tayi, tantancewa da amincewa, kuma in kuɗin TETFund ne akwai nasu matakan. Wannan lokacin ba awannin ma'aikatanka yake ci ba, amma watanni yake ci. Ka ba shi layinsa a jadawali.

Mataki na shida: ƙofa guda ta karɓar buƙata

Fom mai shafi ɗaya: mece ce matsalar, su wa ta shafa, me zai faru in ba a yi ba, akwai kuɗi ko babu, wa zai tsaya wa aikin. Shugaban sashe ko na tsangaya ya sa hannu.

Wahalar ba a fom take ba, a baranda take. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ce wa farfesa a'a ba, kuma bai kamata a sa shi a wannan matsayi ba. Ka koya masa abin da zai ce: "Ranka ya daɗe, ai wannan abu ne mai kyau. Sai dai yanzu an hana mu fara komai sai ya bi ta ofishin darakta. Bari in kawo maka fom ɗin har ofis, in taya ka cikawa." Farfesa bai ji kunya ba, yaro bai yi rashin ladabi ba, buƙata kuma ta shiga inda za a gan ta.

Mataki na bakwai: kwamitin da zai jera ayyuka

Sashen ICT bai kamata ya zama shi ke zaɓar wanda za a yi wa aiki tsakanin magatakarda da ma'aji ba. Duk wanda ka zaɓa, ka yi abokin gaba. A kafa kwamiti ƙarami ƙarƙashin ɗaya daga mataimakan shugaban jami'a, da magatakarda, ma'aji, shugaban ɗakin karatu, daraktan tsare-tsaren karatu, da shugabannin tsangaya biyu da za a riƙa sauyawa. Daraktan ICT ya zama mai gabatar da bayani, ba shugaba ba. Zama sau ɗaya a wata uku ya isa.

Kafin zama, ku ba kowane aiki maki 1 zuwa 5 a kan tambayoyi kaɗan. Wajibi ne daga doka ko daga hukuma irin NUC da JAMB? Mutum nawa zai amfana? Wace ɓarna za a yi in an bar shi, kamar asarar sakamakon ɗalibai saboda babu kwafin ajiya? Zai kawo kuɗi ko ya rage kashewa? A gefe guda kuma a rubuta awannin da zai ci, da waɗanda zai ci gaba da ci kowace shekara bayan an gama. Makin ba shi ke yanke hukunci ba, yana dai sa gardama ta tsaya a kan hujja.

Sai ka jera ayyukan daga sama zuwa ƙasa, ka riƙa tara awanninsu, ka ja jan layi a inda awanninku suka ƙare. Abin da ke sama za a yi. Abin da ke ƙasa zai jira, ko a ba da shi kwangila, ko a ƙaro ma'aikata. Ka bar kamar kashi ɗaya cikin goma ba a raba ba, don abin da zai faɗo ba zato.

Zai kuwa faɗo. Wata rana shugaban jami'a zai dawo daga tafiya da sabon tunani, ya ce a yi shi kafin ƙarshen wata. Haƙƙinsa ne, kuma ba a ja da shi. Abin da za ka yi shi ne ka je da jerin a hannu: "Ranka ya daɗe, za a yi. Zai ci kamar awa 400 na masu rubuta manhaja. Cikin waɗannan ukun, wanne za mu dakatar?" In ya zaɓa, a rubuta, a sanar da mai aikin da aka dakatar cewa daga sama ne. Sau da yawa ma, in ya ga abin da za a ture, da kansa zai ce nasa ya jira.

Mataki na takwas: taƙaita abin da ake yi a lokaci guda

Kasancewar aiki a saman jan layi ba ya nufin a fara shi gobe. Taura biyu ba ta taunuwa. Kada mutum ya riƙe aikin jeri fiye da biyu a lokaci guda, wanda ke kan hidima a wannan makon kuma kada a sa ran zai taɓa ko ɗaya. Ku riƙa karɓa-karɓa: mutum biyu su tare ƙorafe-ƙorafen mako, sauran su samu sukunin zama a kan aiki ba a katse su.

Allo a bango na taimakawa, irin tsarin kanban da ya samo asali daga masana'antar Toyota: layin masu jira, layin waɗanda ake yi, layin waɗanda suka maƙale, layin waɗanda aka gama. Ba a ɗauko sabo sai an fitar da wani. Kowace Litinin a tsaya gaban allon minti goma sha biyar, a fara da layin waɗanda suka maƙale.

Mataki na tara: rahoto, da rufe aiki

Rahoton wata shafi ɗaya ne. Kowane aiki da launinsa, kore ko rawaya ko ja, da jimla ɗaya ta dalili, da abin da ake buƙata daga hukuma. A ƙasa, yadda awannin watan suka rabu tsakanin hidima, gaggawa, ayyukan jeri da jira. Kada ka hukunta wanda ya sa wa aikinsa ja, in ba haka ba komai zai zama kore har ranar da zai fashe.

Duk aikin da aka gama, a kwatanta ƙiyasin farko da awannin da ya ci. In kun ga kullum abin da kuka ce 100 yana cin 160, sai ku riƙa ninka sabon ƙiyasi da ɗaya da digo shida, har hannunku ya faɗa. Aikin da ya yi wata shida ba motsi kuma a kai shi kwamiti a tambaya ko har yanzu ana so. In mai shi bai zo ya kare shi ba, a soke.

Kafin a rubuta "an kammala", babban jami'in da ya tsaya wa aikin ya gwada jimlar nan ta mataki na biyu, ya sa hannu. A ƙara awannin kula da sabon abin cikin lissafin hidima, domin kowace manhaja da aka ƙaddamar tana rage awannin ayyukan baɗi. A tabbatar aƙalla mutum biyu sun san yadda take aiki. In ɗan kwangila ne ya yi, kada a biya kason ƙarshe sai ya miƙa asalin rubutun manhajar, kalmomin sirri na saba da na rumbun bayanai, da takardar bayanin yadda aka haɗa komai, an kuma gwada su a gabansa. Rajistar adireshin jami'a na edu.ng da duk wani asusun ajiya a intanet su kasance da sunan jami'a da imel ɗin ofis, ba na wani mutum ba, ko da darakta ne.